Wasiƙa Zuwa ga Abba a Kan Hawan Jini da Kaurin Tsokar Zuciya

Funtuwa,
14 ga Sha'aban.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka, kamar yadda muke a nan gida. Hoton takardar asibitin da ka turo wa ƙanwarka ya iso gare ni, na sa tabarau na karanta shi har sau biyu. Na zaɓi in rubuto maka maimakon in kira ka, domin na san halinka a waya, "To Baba" za ka yi ta cewa har mu gama, daga nan magana ta bi iska.

Takardar ta nuna cewa bangon ɗakin zuciyarka na ƙasa, na ɓangaren hagu, ya kai kaurin santimita 1.2, alhali ga namiji baligi ba a so ya wuce santimita ɗaya. Likita ya rubuta cewa kaurin kaɗan ne, kai kuma ka gaya wa mahaifiyarka cewa ba komai. Gaskiya ne kaɗan ne, kuma mun gode wa Allah da aka gano shi a wannan mataki, amma a shekaru 31 da na yi ina aikin jami'in lafiya ban taɓa ganin wannan kauri ya zo a dare ɗaya ba. Shaida ce ta cewa jininka ya daɗe yana sama kana yawo da shi ba ka sani ba.

Wannan ɗaki shi ne yake tura jini zuwa ko'ina a jiki, kuma zuciya tana bugawa kusan sau 100,000 a kowace rana. Idan jini ya hau, kowane bugu sai ta yi shi da ƙarin ƙarfi, don haka tsokarta take kauri kamar damtsen maƙeri. Sai dai abin da yake ado ga damtse cuta ne ga zuciya. Ka tuna zugazugin maƙeran bakin kasuwa da kake tsayawa kallo kana yaro. Idan fatarsa ta yi kauri ta ƙandare, ba ya buɗewa ya ja iska yadda ya kamata, ko da mai zuga yana da ƙarfi. Haka zuciya mai kauri take gaza sakewa ta cika da jini tsakanin bugu da bugu, ga shi kuma tsokar da ta ƙaru tana buƙatar ƙarin jini don ciyar da kanta. Idan aka bar abin ya yi nisa, daga nan ne haki yake farawa, da rikicewar bugun zuciya, da kumburin ƙafa, kuma haɗarin shanyewar ɓarin jiki yana ƙaruwa. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne kaurin da hawan jini ya jawo yana iya tsayawa, har ma ya ragu, idan aka riƙe jini a ƙasa na watanni da shekaru. Wani babban bincike da aka wallafa a 2002, wanda ya shafi mutum fiye da 9,000 masu irin wannan lalura, ya nuna cewa kaurin yana raguwa da magani, kuma ya fi raguwa ga waɗanda suka sha maganin hawan jini mai suna losartan a kan waɗanda suka sha wani mai suna atenolol.

Na ga an rubuta maka amlodipine da losartan. Kada yawansu ya tsorata ka, domin akasarin masu hawan jini ƙwaya ɗaya ba ta isar su. A 2019 an wallafa binciken da Dakta Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, har da Nijeriya, aka ga cewa a jikin baƙar fata haɗin magunguna biyu da yake da amlodipine a ciki ya fi saukar da jini. Amlodipine yakan sa idon sawu ya ɗan kumbura ga wasu, shi kuma losartan yana buƙatar a riƙa duba ƙoda da sinadarin fotasiyam a jini lokaci zuwa lokaci. Idan ka ga abin da bai yi maka ba, ka koma wurin likitan ya canza maka, kada ka yanke hukunci kai kaɗai ko ka bar mai kemis ya yanke maka.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Hawan jini ba zazzaɓi ba ne da za a sha magani kwana uku a ce an warke. Mafi yawan lokaci ba ya sa ciwon kai, ba ya sa jiri, mutum yana cin abinci yana zuwa aiki alhali awonsa ya haura 160. Idan ka sha magani ka auna ka ga 125 a kan 80, maganin ne ya kawo shi nan, kuma ranar da ka daina zai fara komawa inda ya fito. Ni da kaina na yi wannan wauta, duk da cewa ni nake gaya wa mutane su kiyaye. Shekara biyu da fara shan nawa, na ga awo ya yi kyau, kuɗi kuma ya yi ƙaranci, sai na ajiye na kusan wata biyar, ban faɗa wa kowa ba. Wata rana wata abokiyar aiki ta matsa mini ta ɗaura mini na'ura, muka ga 190 a kan 110, kuma wallahi babu abin da nake ji a jikina. Baffanka marigayi shi ma haka ya riƙa yi, ya sha idan kansa ya yi ciwo, ya bari idan ya ji daɗi, kuma kai shaida ne a kan shekaru huɗun da ya yi a kwance ana juya shi. Ajali na Allah ne, babu mai ja, amma neman magani umarni ne. Ka haɗa shan ƙwayar da abin da ba ka fashinsa, kamar sallar Asuba, kuma ka sayi ta gaba tun saura ta mako guda.

Sai batun gishiri, wanda a nan ne za ka sha wuya, don na san bakinka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya kai giram 5 a rana, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma wannan ya haɗa da wanda yake ɓoye a cikin dunƙulen magi, da yajin tsire, da kilishi, da burodi, da taliyar leda. Kanwa ma tana cikin lissafi, domin sodiyam ne a cikinta, wato sinadarin nan na gishiri da yake ɗaga jini. Tun a shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka lura da alaƙa tsakanin yawan shan kunun kanwa da wankan jego da ciwon zuciyar da yake kama masu jego. Ka roƙi maiɗakinka da lalama ta rage a hankali, ta ƙara albasa da tafarnuwa da citta da daddawa. Bayan 'yan makonni harshe yakan saba. Zoɓo mara sukari babu laifi, yana ɗan taimakawa, amma kada wani ya ce maka ya maye gurbin ƙwaya, haka kuma jiƙe-jiƙen da ake talla a lasifika, waɗanda ba wanda ya san abin da ke ciki.

Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac suna ɗaga jini kuma suna wahalar da ƙoda, musamman ga mai shan losartan, saboda haka ka nisance su sai da izinin likita. Lemukan ƙara kuzari da kake sha idan za ka yi dogon tuƙi ka bar su, goro kuma a rage. Ka riƙa tafiya da ɗan sauri na minti 30, kwana biyar a mako, ka tambayi likita kafin ka koma ɗaga ƙarfe mai nauyi. Mahaifiyarka ta ce da ka zo Sallah ana jin minsharinka daga tsakar gida. Ka ambata wa likita, domin ɗaukewar numfashi a cikin barci tana hana jini sauka.

Na ba direban da yake kawo muku hatsi na'urar awo irin ta damtse, da ƙaramin littafi. Ka zauna ka jingina bayanka na minti biyar, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba magana, kuma kada ka sha shayi ko kofi rabin awa kafin nan. Ka auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, safe da dare, ka rubuta duk abin da ta nuna, har wanda bai yi maka daɗi ba. Ga mai irin lalurarka likitoci sukan so awo ya sauka ƙasa da 130 a kan 80, amma ka tambayi naka adadin da yake nufa da kai, da lokacin da za a sake hoton zuciyar. Idan kuwa ka ji ciwo ko nauyi a ƙirji, ko numfashi ya gagara idan ka kwanta, ko baki ya karkace, ko hannu ya mutu, a tafi asibiti nan take ko da tsakar dare ne.

Azumi saura mako biyu. Ka je wurin likitan kafin a ga wata, ya tsara maka ko da sahur za ka sha ƙwayoyin ko da buɗa-baki, kada ka haɗa su ko ka tsallake da ra'ayinka. Su Sadiya da Nura ma na ce su je a auna su, tun da abin yana bin jini a gidan nan. Ranar Juma'a ta sama ka ɗauki hoton shafin farko na littafin ka turo mini.

Ka gaida maiɗakinka da yara. Mahaifiyarka tana gaishe ku. Allah Ya ba ka lafiya, Ya yi maka albarka.

Wassalam,
Mahaifinka.