Yaran da suka yi tsere da hasken talabijin

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya shago, ya zafin Kano? Mu nan Jamus sanyi bai gama sakinmu ba.

A hutun Ista na je garin Saarbrücken wajen taron Revision, inda masu haɗa demo, wato 'yar manhajar hoto da kiɗa ta nuna gwaninta a kwamfuta, suke gasa. Can na ga wani dattijo ya jona kwamfutar Commodore 64 da tsohuwar talabijin mai ƙaton baya, irin waɗanda kake kwancewa kullum. Wallahi nan take ka faɗo mini a rai.

Asalin abin dai ba na Allah da Annabi ba ne. Bayan fitowar na'urar a 1982, samari a Turai suka riƙa fasa kullen da kamfanoni ke sa wa wasanni, sannan su liƙa ɗan allo a farko mai sunan ƙungiyarsu, rubutu yana gudu, kiɗa yana tashi, su aika wa juna faifai ta gidan waya. Kuri ne kawai, a san wa ya riga wa. Sannu a hankali allon kurin ya fi wasan jan hankali, har ya tsaya da ƙafarsa, shi ne demo ɗin.

Ga inda za ka ji daɗi. Ka fi ni sanin cewa haske ne ke zana hoton talabijin layi-layi daga sama zuwa ƙasa, sau 50 a daƙiƙa. To guntun hoto na na'urar, VIC-II, yana iya sanar da manhaja layin da hasken ya kai. Sai yaran su sauya launi a daidai wannan layin, su sake sauyawa a na gaba, sai ga sandunan launi suna lilo a allo, alhali launuka 16 kacal gare ta. Surori masu motsi kuwa takwas aka ba ta. Da hasken ya gama zana su a sama, sai a yi wuf a mayar da su ƙasa kafin ya iso, ido ya ga ninkinsu. A kowane layi bugun agogo 63 kaɗai ƙwaƙwalwar na'urar take samu ta yi aiki. Ka yi kuskuren lissafi, hoto ya kama rawa. Har bakin allon da aka ce ba a zane a kai sai da suka buɗe.

Da kwamfutar Amiga ta zo a 1985 da guntunta Copper mai jiran layi da kansa, aikin ya yi sauƙi. Ni dai na farkon sun fi burge ni, don da hannu suke ƙirga.

Don Allah talabijin ɗin nan ta bayan kantar shago, kada ka sayar wa 'yan gwangwan. Dattijon ya yi mini alkawarin wata na'urar, da ita zan dawo in Allah ya yarda. Ka gaida Baba da kyau.

Naka har kullum,
Amininka