Zanen gilashi da feshi: lissafin sitika ya kamata a koyar

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shekara 14 ke nan ina zanen gilashi da feshin gari a wani shago a Jidda. Sitikar roba muke mannawa, mu yanke rubutun a jikinta, sai a fesa garin alumina, wani gari mai tauri kamar yashi, da iskar kwamfuresa. Inda ke buɗe ya ci, inda ke rufe ya tsira. Tun 1870 Ba'amurke Benjamin Tilghman ya yi rajistar dabarar, amma har gobe mu da ido muke aunawa.

A watan Sha'aban wani Alhaji ya kawo gilashin ƙofar falonsa a rubuta masa "Ahlan wa sahlan" da siraran haruffa. Na ƙara ƙarfin iska don in gama da wuri. Da na ɓare sitikar, bakinta duk ya zaizaye, wutsiyar harafin wawun ta kumbura, siraran layukan kuwa ko zurfin kirki ba su yi ba. Daga aljihuna na biya gilashin, kuma abin ya tsaya mini a rai.

Ɗan yayata da ke karatun injiniya a Dahran ne ya warware mini. Ya ce, "Kawu, gilashi ba ya lanƙwasa, tsagewa yake." Ƙwayar da ta faɗo masa a miƙe ita ke ɓantarar sa. Roba kuwa tana shanye dukan da ya zo a miƙe, wanda ya zo a karkace shi ke cin ta, kuma a bakin yanka ake samun haka. Siririn layi yana jinkirin zurfi domin bangayensa biyu suna saurin haɗewa kamar bakin gatari. In kuma aka ninka gudun garin, cin da yake yi ya kan kai kusan ninki biyar. Nan na yi kuskure da na ƙara iska.

Ya nuna mini yadda masu bincike ke haƙa ƙananan hanyoyin ruwa a gilashin gwaje-gwaje da ƙwayoyi masu girman maikuron 30, da ba su kai rabin kaurin gashi ba. Kafin feshi sai sun lissafa kaurin sitika da zaizayarta a kwamfuta.

Roƙona ga kwalejojin fasaha na Kano da Kaduna: a koya wa yaranmu wannan lissafin da Hausa. A kuma hana su feshi da yashin rafi, ƙurarsa tana lalata huhu kuma cutar ba ta warkewa.

Mai karanta jaridarku,
daga Jidda, Saudiyya