Wasiƙa ga aminiyata a kan kitso da tsawon gashi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Aminiyata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Saƙonki ya iso ni, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai a cikinsa shi ne cewar da kika yi shekara 2 ke nan kanki bai rabu da kitso ba, amma gashin yana nan inda kika san shi, har kin fara zaton naki irin wanda ba ya fitowa ne. Na ga bai kamata in sallame ki da layi biyu ba, domin ni ma na daɗe a kan wannan zaton, kuma sai da na yi asarar gashin goshina kafin na gane inda gizo ke saƙar.

Gashinki yana fitowa. Gashin kan ɗan Adam yana ƙaruwa da kimanin santimita 1 a wata, namu mai nannaɗewa yakan ɗan gaza hakan kaɗan, kuma ke da kanki kina ganin shaida duk sanda kitso ya yi wata guda ya ɗago daga fata, sabon gashi ya cika gindinsa. A lissafe, a shekara 2 ɗin da kika ambata kanki ya fitar da abin da ya kai santimita 20. Idan ba ki gan shi ba, to abin da ya fito ta saiwa ya karye ta baki.

Silin gashi da zarar ya fito daga fata ya tashi daga abu mai rai, ba ya warkewa idan ya ji rauni. An lulluɓe shi da wasu 'yan ɓawo masu hawa kan juna kamar ɓamɓarokin kifi, kuma duk taza, duk gugar abin wuya, duk zafin na'urar busarwa yana kankare wani abu daga cikinsu. Bakin gashin da ya kai kafaɗa ya haura shekara 2 yana shan wannan wahalar, shi ne mafi tsufa kuma mafi rauni a kanki. Namu kuma yana da ƙarin nauyi a kansa, domin silinsa a ɗan baje yake, kowace lanƙwasa wurin karyewa ce, maiƙon da fatar kai ke fitarwa ba ya iya bin waɗannan lanƙwasoshi har ya kai ƙarshe, sannan sili yakan naɗe kansa ya ɗaure ƙulli. Aikin kitso shi ne ya ɓoye wannan bakin, ya raba shi da mataji da hannu na wasu makonni, ta yadda abin da Allah ya fitar zai zauna. Kitso ba ya ƙara wa saiwa sauri ko kaɗan.

Na tsaya a kan wannan ne saboda wata magana da na sha ji a bakin masu kitso, cewa wai sai an ja da kyau gashi ke fitowa. Wannan maganar ta cuce ni. Akwai wata makitsiya da na riƙe shekaru saboda hannunta yana da tsafta, ba ta barin ko sili ɗaya a waje, har 'yan ƙananan gashin goshi sai ta tsince su ta cusa. Ranar da ta yi mini ƙananan kalaba da ƙarin gashi, girata ta ɗage sama, na kasa sunkuyar da kai, na sha maganin ciwon kai kafin na iya runtsawa. Bayan kwana 3 na ga ƙananan ƙuraje sun jeru a bakin goshi da ƙeya, na ɗauka alamar kitso ya kama ne. Na maimaita wannan sau da dama. Wata rana na tsaya gaban madubi na ga goshina ya ja baya ta gefe biyu, fata tana ƙyalli, sai ɗan siririn layin gashi da ya rage a gaba.

Likitocin fata sun daɗe da sanin wannan zubar gashin da ja ke haddasawa. Binciken da likita Nonhlanhla Khumalo da abokan aikinta suka wallafa a 2007 a Afirka ta Kudu ya same ta a kan kusan kashi ɗaya cikin uku na manyan matan da aka duba, kuma ta fi yawa ga waɗanda suke ɗora kitso a kan gashin da aka sa wa rilaza. Idan an farga da wuri aka daina ja, gashin yakan dawo. Idan aka ɗauki shekaru, ramin saiwar yakan mutu ya zama tabo, kuma daga nan babu man da zai tayar da shi. Ni gefen dama ya dawo, na hagu har yau bai cike ba. Don Allah idan kina zaune gaban makitsiya kika ji zafi, ki ce ta sassauta a lokacin, kada kunya ta hana ki, kuma ki ce ta bar gashin goshi a waje. Manyan kitso da gashinki kaɗai, ko murɗi, sun fi ƙanana masu nauyi aminci, domin idan aka rataya dogon ƙari a kan 'yan silai kaɗan, su ne za su ɗauki nauyin dare da rana. Ki riƙa sauya wurin tsaga da inda kitson ke fuskanta, kada ja ya riƙa faɗawa wuri ɗaya.

Kuskure na biyu shi ne mantawa da kai da zarar an kitse. Fatar kai tana buƙatar wanki ko da kitso, in ba haka ba datti da amosani su taru, ƙaiƙayi ya zo, farce ya yi ɓarna. Laima kuma daga ruwa take zuwa, mai yana tsare ta ne kawai, saboda haka ki fara fesa ruwa kafin ki shafa mai, ki fi ba bakin kitson muhimmanci. Da dare ki ɗaura ƙyalle mai santsi, domin auduga tana shanye laima tana kuma gugar gashi. A ganina kada kitso ya wuce mako 6 zuwa 8, ki kuma bar kan ya huta kafin na gaba.

Inda na fi zargin tsawonki yake tafiya shi ne ranar tsifa. Mutum yana zubar da sili 50 zuwa 100 a kullum, kuma a cikin kitso ba su da hanyar faɗuwa, sai su maƙale. A mako 6 sun haura 2,000, sun cakuɗe da mai da ƙura a gindin kowace kalaba. Idan kika tsefe cikin gaggawa kika danna mataji a busasshen gashi, ko kika zuba ruwa kafin ki warware, sai ya dunƙule, ki tsinke a awa ɗaya abin da kika tara a wata 2. Ki zaɓi ranar da ba ki da sauri, ki jiƙa kowane kashi da abin da zai sa shi santsi, ki raba da yatsu, sannan ki taje daga baki zuwa gindi da mataji mai manyan haƙora. Dunƙulen da zai fito kada ya firgita ki. Ki ɗauki 'yan silai ki shimfiɗa a kan farar takarda: mai tsawo da ɗan farin ɗigo a ƙarshensa wanda kwanansa ya ƙare ne ya faɗo, gajeru marasa ɗigo kuwa karyayyu ne, su ne abin damuwa. Bakin da ya riga ya tsage ki datse shi, domin tsagar hawa take yi.

Kowane sili yana girma na shekara 2 zuwa 7 kafin ya huta ya faɗi, kuma wannan gado ne, shi ya sa ba na so ki auna kanki da wata. Tun da kuma ba ki daɗe da haihuwa ba, ki sani gashi yakan zuba sosai 'yan watanni bayan haihuwa sannan ya dawo da kansa. Idan zubar ta ƙi tsayawa, ki ga likita a duba jininki, domin ƙarancin sinadarin ƙarfe yana jawo hakan.

Kafin ki sake kitso, ki ja ƙullin gashi ɗaya daga ƙeya ki miƙe shi ki auna da tef, tun da namu ƙanƙancewa yake yi ya ɓoye tsawonsa, ki rubuta adadin da ranar. Ki ɗauki hoton goshinki ta gefe biyu a cikin haske ki turo mini, ina so in gani da idona. Bayan wata 3 mu sake aunawa tare.

Ki gaishe mini da maigida, ki shafa mini kan yara.

Taki har kullum,
Aminiyarki