Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kamfanin sadarwar da ya kafa turke a unguwarmu, Damagaram

Zuwa ga Babban Darakta, ta hannun shugaban reshenku na Damagaram.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum.

Na fito da wannan kuka bainar jama'a ne saboda ƙofofin da kuka buɗe mana ba su kai mu ko'ina ba. Mun kira lambar abokan hulɗa, mun taka har ofishinku, mai unguwa ma ya aika. Amsar ba ta sauyawa: a kashe waya a kunna, a cire sim a goge, ko kuma a yi haƙuri, damina ce. Ni sana'ata gyaran rediyo da talabijin da wayar hannu, kuma da ƙuruciya na yi yaron aiki wajen masu ɗaura eriya, shi ya sa wannan amsa ba ta gamsar da ni ba. Ina magana da yawun maƙwabtana na bakin gari ta hanyar Magarya, da ƴan uwanmu na ƙauyukan kudu da suke samun rezo ta bayan turkenmu.

Abin da ke faruwa shi ne waya takan nuna rezo a cike, sanduna duka a tsaye, amma kira ba ya fita, saƙo ba ya shiga, intanet sai dai ta yi ta juyi. Mutane da yawa sun kawo mini wayoyinsu suna zaton sun lalace, na buɗe na ga lafiyarsu ƙalau, na mayar musu ban karɓi ko dala ba. Waɗannan sanduna ba sa faɗin komai sai ƙarfin igiyar rediyon da ke bin iska tsakanin wayarka da turken unguwa. Wannan igiya galibi ta megahaz 900 ko 1800 ce, megahaz kuwa ma'aunin saurin kaɗawar igiya ne. Tsawon zangon ta 900, wato tsawon kaɗawarta guda, kusan santimita 33 ne, tana iya kewaya katanga, ta shiga ɗakin soro ta same ka. Amma muryarka in ta isa turke ba ta iso ko'ina ba tukuna, sai an ɗauke ta zuwa turke na gaba, daga nan zuwa cibiyarku. Mai ɗaukar ta shi ne farin farantin nan mai rufi da ke maƙale can sama, wanda ma'aikatanku ke ce wa feso. A nan matsalarmu take, kuma injiniyoyinku sun fi ni sani.

Wannan faranti da igiyar maikurowef yake aiki, tun daga wajen gigahaz 6 har zuwa 38 da sama (gigahaz ɗaya megahaz dubu ne). Ba ta watsuwa ko'ina irin ta rediyon FM. Tattara ta ake yi a harba a siririn layi, kamar hasken tocila mai kyau da dare, dole farantin can ya kalli na nan ido da ido, ba dutse, ba bishiya, ba bene a tsakani. Saboda haka ne ake ɗaga turke sama sosai, don ko a fili fetal, in tazarar ta kai kilomita 40, kumburin ƙasa a tsakiyar hanya yakan haura mita 20. Siririn layin nan shi ne ƙarfin abin, shi ne kuma rauninsa. In faranti ya goce da digiri 1 kacal, a nisan kilomita 30 tsakiyar layin ta kauce wa abokinsa da fiye da mita 500.

To, ga abin da duk wanda ya tsaya bakin shingen turkenmu zai gani da idonsa. Tun iskar farkon damina, ƙarfen da ke tokare farantin ta gefe ya ɓalle a kai ɗaya, yana reto. Rufin gaban ya yage, tsumman yana kaɗawa. Shamuwa ta yi sheƙa a kan dandamalin da ke ƙarƙashinsa, kirare sun cika wurin. A ƙasa kuma, inda waya ke shiga akwatin na'ura, baƙin salatif ɗin da aka naɗe mahaɗar da shi ya bushe ya kware, ruwa na bin wayar yana shiga. Mai gadi bawan Allah ya ce ya sha faɗa wa masu kawo gazuwal. Su kuma aikinsu zuba mai a gurup ne, wato injin ba da wuta, su sa hannu a takarda su wuce.

Ba na musun cewa ruwan sama yana taɓa feso. Gaskiya ne, musamman daga gigahaz 10 zuwa sama. A gigahaz 23 tsawon zangon bai wuce santimita 1.3 ba, manyan ɗigon ruwa suna shanye wani ɓangare, su tarwatsa wani. Amma wannan ba sabon ilimi ba ne. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta daɗe da fitar da taswirar ƙarfin ruwa na kowane yanki da lissafin asarar da zai jawo, don mai tsara hanya ya bar rarar ƙarfi tun daga farko: ya zaɓi faranti babba, ko ya rage tazara, ko ya sauko zuwa gigahaz 7 ko 8 da ruwa bai cika damu ba. Hanyar da aka tsara ta yi aiki kashi 99.99 cikin ɗari, katsewarta a shekara duka ba ta kai awa guda ba, wajen minti 53 ne. Mu kuwa kowane hadari sai ya ci mana yini ko kwana. Damagaram ba Kwatano ba ce. Ruwanmu na shekara kusan milimita 400 ne, daga Yuni zuwa Satumba, mafi yawansa a Yuli da Agusta. Idan hanya ba ta iya jure wannan ba, laifin na mai kula da ita ne.

Akwai ma abin da ya fi wannan tona asiri. Rezonmu yana ɗaukewa tun ɗigo bai taɓa ƙasa ba. Da zarar hadari ya haɗo daga gabas, iskar da ke rigayarsa ta taso da jan ƙura, shi ke nan an yanke. Ruwan da bai sauka ba ba zai shanye igiya ba. Iska ce ke girgiza farantin da ba a ɗaure da kyau ba. Bayan ta lafa kuma ba ya komawa daidai inda yake, sai ya tsaya a karkace, na'urar ta rage gudun da take aika bayanai don kar ta saki gaba ɗaya. Wannan ne dalilin da ya sa ko ranar da sama take garau, daga magariba zuwa sha ɗayan dare, lokacin da kowa ya dawo gida ya ɗauki waya, hoto guda a WhatsApp sai ya gagari buɗewa.

Bara da sanyi an ce mana hazo ne. Ƙurar hunturu ƙanana ce ƙwarai in aka gwada ta da zangon feso, tasirinta a kan igiyar kaɗan ne. Ɓarnar da take yi a ƙasa take: ta rufe allunan sola, ta toshe matatar iska, batir ya kasa cika. Maganin wannan tsumma ne da ruwa da ma'aikaci mai zuwa a kan lokaci.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba mu kaɗai abin ke shafa ba. Turakun ƙauyukan kudu a jere suke, wannan na karɓa daga wancan, duk ta kan namu suke bi. In namu ya yanke, na bayansa duka sun mutu. Wata dattijuwa ta zo shagon maƙwabcina mai tura kuɗi, ɗanta ya aiko mata da na magani daga Agadas. An cire a can, saƙo bai iso nan ba. Ta zauna a kan benci da takardar likita a hannu tun hantsi har la'asar, ba ta yi faɗa ba, ba ta ɗaga murya ba, lokaci lokaci dai ta ce, “Ɗana, duba mini kuma.” Ƴan kasuwar da ke sayen wake da riɗi a ƙauye su kawo Kasuwar Dole suna ciniki a makance, don ba su ji farashin safiya ba. Ɗaliban Jami'ar André Salifou da ke haya a unguwarmu sukan hau duwatsu da dare suna neman rezon wani turke. Mace kuma in naƙuda ta kama ta a ƙauye cikin dare, kiran mai mota ne tsakaninta da likita. Duk da haka forfe, wato kira ko intanet da muke saye na kwana ko na mako, yana ƙarewa a kan lokacinsa, ko an mora ko ba a mora ba. Wannan cin haƙƙi ne, ba ni da wani suna da zan ba shi.

Shirunku ya haifar da wata damuwar ma. Ganin rufin ya yage, wasu iyaye sun fara tsoron ko wani abu mai cutarwa na zubowa kan gidajensu. Ni nake zama ina yi musu bayani cewa ƙarfin da irin wannan na'ura ke fitarwa bai cika wuce wat 1 ba, kuma layin can sama da rufin gidaje yake wucewa. Bai kamata a bar wa mai gyaran rediyo wannan aiki ba. Ku ne kuka kafa, ku ya dace ku zo gaban mai unguwa ku yi wa jama'a bayani.

Abin da muke nema bai fi ƙarfinku ba. Ku turo masu hawa su maye ƙarfen tokare, su sake saita farantin da na'urar awo a kai biyun, su sauya rufi, su naɗe mahaɗa. Wannan aikin yini ne. Sheƙar shamuwa a bari sai ta yaye ƴaƴanta sannan a kwashe, kowa ya san ba a taɓa ta a garin nan. Bayan haka ku duba maganar hanya ta biyu, don kar ƙauyuka da yawa su rataya a kan faranti guda. Aikin wayar fibar (wayar gilashi mai ɗaukar saƙo da haske) mai ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya zuba wa kuɗi, ya haɗa da hanyar Damagaram zuwa Magarya har iyakar Najeriya, ke nan ta gefenmu ya bi. Ku gaya mana ko kuna da niyyar jona turkenmu da ita, ko ku haɗe jerin turakun ta wani gefe yadda in nan ta yanke za a bi ta can. Sannan ku mayar wa mutane forfen da ya ƙone a kwanakin da babu rezo. Na'urorinku suna rubuta kowace katsewa da lokacinta, ba sai mun kawo shaida ba.

Na aika kwafin wannan wasiƙa ga hukumar ARCEP mai sa ido kan sadarwa, tare da hotunan farantin da muka ɗauka daga bakin shinge. Muna son amsa a rubuce, mai ɗauke da ranar da ma'aikatanku za su zo, a miƙa ta hannun mai unguwa kafin ruwan Agusta ya kankama.

Wassalam.

Naku,
Mai gyaran rediyo da waya, a madadin mazauna unguwar,
Damagaram.