A kira mai zane tun farkon aiki, a kuma rubuta sunansa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana a kan masu zanen hoto da ake ba kwangila, waɗanda hannunsu ke cikin littattafan ƴan lakwal, da jaridu, da takardun faɗakarwa da ake mannawa a bangon asibiti. A ƙasar da jama'a da yawa ba su karanta boko ba, hoton shi ne ainihin saƙon. Amma mai yin sa shi ake tunawa da shi daga ƙarshe, bayan an gama taron bita a otal a Yamai, an raba kuɗin zama, sai a ce masa jibi ake so.

Abin da gaggawar ke haifarwa muna ganinsa nan Tawa. Wata ƙungiya ta taɓa kawo mana takardar koyar da ginin rabin wata, wato ramin tare ruwan sama mai siffar rabin wata, aikin da ƴan Adar suka daɗe da ƙwarewa a kai wajen farfaɗo da ƙasar da ta mutu. Mai zanen ya juya bakin ramin ya kalli gangare. Wani tsoho ya duba, ya ce to ruwan ta ina zai shiga, ko zai hau tudu ne ya dawo? Bakin rabin wata tudu yake kallo don ya tare ruwan da ke gangarowa, kuma da an kai mai zanen zuwa Keita ko na yini guda, da ya gani da idonsa. Haka takardar igiyar awon tamowa da ake ɗaura wa yaro a damtse. Amfaninsa duka a launi yake: ja, ɗorawa, kore. Sai ga shi an buga ta baƙi da fari don a rage kuɗin maɗaba'a. Uwa ta gane me?

Ban da hotunan da ake kwasowa daga intanet, mace da shigar da ba a san ta ba ko a Ƙonni ko a Abalak, rijiya ba guga ba wasaki. Mutum in bai ga kansa a hoto ba, cewa yake da wasu ake.

Sai maganar haƙƙi. Ana biyan mai zane ƴan jikkuna sau ɗaya, sannan hoton nan ya yi shekaru yana yawo a riguna da kalanda da allunan bakin titi, ba suna, ba ƙarin ko dala. Alhali muna da dokar kare haƙƙin mawallafa ta 2010, muna da BNDA, ofishin kare haƙƙin mawallafa na Nijar, kuma dokar ba mawaƙa kaɗai ta shafa ba. Su ma masu zanen, gaskiya, suna da nasu sakaci: a karɓi aiki da baki, ba takarda, don kunyar kada a ce sun cika son kuɗi.

Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma a watan Maris na 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Ke nan za a buƙaci littattafan yara masu yawa, kowane shafi da hotonsa. Masu ba da kwangila su sa mai zane cikin kasafi tun farko, su kai shi ƙauyen da ake magana a kai, su nuna wa mutanen wurin zanen kafin a buga, su rubuta a takarda sau nawa za a yi amfani da shi.

Kai ma, Malam Edita, zanen barkwancin da ke fitowa a jaridarka, a riƙa sa sunan mai shi a ƙasa da haruffan da ido zai iya gani.

Naka,
Wani tsohon malamin yaƙi da jahilci,
Tawa.