Zuwa ga Shugaban EPA, Hukumar Kare Muhalli ta Amurka: maganar ƙurar fentin dalma a gidajen haya

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni 'yar haya ce, uwar yara biyu, muna zaune a wani tsohon bene a nan Amurka wanda aka gina tun kafin a haifi iyayena, kuma tagar ɗakin kwananmu ce ta sa na zauna da daddare yara sun yi barci nake rubuto maka wannan wasiƙa a waya.

Irin tsohuwar tagar katakon nan ce da ake ɗagawa sama a sauke ƙasa, fenti a kanta kamar hawa bakwai, wani kan wani. Duk ɗagawa sai katako ya gogi katako, wani farin gari ya zubo a bakin tagar da cikin kwarin da take sauka. Ni dai datti na ɗauke shi, in sa tsumma busasshe in kaɗe in wuce. To daidai nan ne ƙaramar 'yata ta koyi tsayuwa, nan take dafawa ta miƙe tana leƙen motoci, ta saki ta kai yatsu baki. Da fentin ya fara ɓamɓarewa sosai na yi ta kiran mai gidan har ya gaji da ni ya turo mutum biyu. Wallahi har yau ina ganin ranar a idona, suka zo da ƙarfen kankara da sanfefa, ba leda a ƙasa, ba ruwa, ba takunkumi a hancinsu su kansu, ƙofar ɗaki a buɗe, suka kankare suka goge ƙura ta tashi har kan gadon yarinya, suka shafa sabon fenti fari tas, suka share da tsintsiya suka tafi. Ni kuma har godiya na yi musu da ruwan sanyi.

Bayan wasu watanni aka yi mata gwajin jinin da ake yi wa yara a shekara ɗaya da shekara biyu, suka soki yatsa, suka kira ni na dawo da ita aka sake ɗiba a jijiya, aka ce dalmar da ke jininta ta haura 3.5, wato ma'aunin yawan dalma a jinin yara da CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta sa tun 2021. Yarinya ba zazzaɓi ba kuka ba komai, tana wasanta. Likitar ce ta zaunar da ni ta yi min bayani, cewa jikin yaro yana karɓar dalma kamar sinadarin gina ƙashi ne, ya kai ta jini da ƙashi da ƙwaƙwalwa, kuma abin da ta taɓa a ƙwaƙwalwa ba ya gyaruwa da magani, sai dai a tsayar da ita kar ta ƙaru. Na fito na zauna a mota na kasa tayarwa. Garin neman gira na kusa rasa ido, don ni da bakina na nemi a zo a yi gyaran.

Shi ya sa da hukumarka ta fitar da sabuwar ƙa'ida a watan Oktoban 2024 na bi ta layi layi, kuma gaskiya dole in fara da yabo. A 2001 sai ƙurar dalma ta kai maikirogiram 40 a kowace ƙafa ɗaya murabba'i ta daɓen ɗaki, 250 a bakin taga, kafin a kira ta haɗari. A 2019 aka sauko da shi 10 da 100. Sai da iyaye da ƙungiyoyi suka je kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya, ta yanke a 2021 cewa lafiyar yaro ce za ta zama ma'aunin haɗari ba tsadar aiki ba. A sabuwar ƙa'idar duk ƙurar dalmar da ɗakin gwaji ya iya aunawa ya rubuta, komin ƙanƙantarta, a lissafin haɗari take. Bayan an gama aikin cire fentin kuma dole abin da ya rage ya yi ƙasa da 5 a daɓe, 40 a bakin taga, 100 a kwarin taga, inda a da ake barin 10 da 100 da 400. Maikirogiram fa kashi ɗaya cikin miliyan ne na giram, ido ba ya ganinsa. Wa'adin da aka sa na fara aiki da waɗannan lambobi shi ne Janairun 2026. Roƙona na farko ke nan, don girman Allah kar a sassauta su kar a ja musu lokaci, na san masu gidaje da 'yan kwangila suna kukan tsada kuma suna da bakin magana a Washinton, mu ba mu da shi. An hana fentin dalma a gidaje tun 1978, yaran da aka haifa a waccan shekarar wasu har sun yi jikoki, amma hukumarka da kanta ta ce gidaje wajen miliyan 31 na ɗauke da shi har yanzu, miliyan 3.8 daga ciki da yara 'yan ƙasa da shekara shida a cikinsu. Jira nawa kuma ya rage?

Amma ranka ya daɗe ga inda gizo ke saƙa, kuma shi ne ainihin dalilin wasiƙar nan. Waɗannan lambobi masu kyau ba su shafi aikin da aka yi a ɗakina ba. Doka ta raba aiki biyu. Akwai aikin da aka yi shi musamman don kawar da dalma, shi ne ake bi da gwajin ƙura a kai ɗakin gwaji. Akwai kuma gyara da kwaskwarima da shafa fenti na yau da kullum, wanda ke ƙarƙashin ƙa'idar 2008 da ta fara aiki a Afrilun 2010. Ita wannan ta ce in za a taɓa fentin da ya wuce ƙafa 6 murabba'i a cikin ɗaki, ko 20 a waje, ko za a canja taga, a gidan da aka gina kafin 1978, to sai kamfani mai satifiket da ma'aikacin da ya yi horo, a shimfiɗa leda, kar a ƙona fenti da wuta, kar a sa injin goga mara matatar HEPA mai kama ƙura. Duk da kyau. Amma in an gama me ake yi? Shi wanda ya yi aikin shi zai goge ƙasa da farin ƙyalle ya kara da wani kati ya duba da idonsa ko ya yi fari, ya ce shi ke nan an gama. Mai aiki shi ne mai duba aikin kansa, da ido, a kan ƙurar da ido ba ya gani. Kuma irin wannan gyaran shi ne ake yi kullum a gidajenmu, mai gida ba zai taɓa kiran aikinsa kawar da dalma ba in zai iya kiransa shafa fenti.

Na ga bambancin da idona, don bayan sakamakon jinin an turo mai bincike da wata na'ura da yake karawa a bango ta faɗi ko akwai dalma, aka tilasta wa mai gidan ya yi aikin gaske. Muka tashi muka koma wajen 'yar'uwata na wasu kwanaki. Na leƙo rana ta farko na ga sun kwashe kaya, sun lulluɓe ƙasa da leda mai kauri sun liƙe da salatif, ƙofa ma leda, suna sanye da farar riga har kai, suna fesa ruwa kafin su kankare, tagar ma cire ta suka yi gaba ɗaya suka sa sabuwa. Da suka gama wani daban ya zo, wanda ba ya cikinsu, ya auna wuri a daɓe ya goge da jiƙaƙƙen ƙyalle ya sa a 'yar kwalba ya rubuta lamba, haka a bakin taga, ya tura ɗakin gwaji. Sai da sakamako ya fito muka dawo. Abin da nake roƙo ke nan, a faɗaɗa wannan gwaji ya hau kan gyaran yau da kullum, ko da a gidajen haya ne kawai da ke da ƙananan yara ko mai ciki, kuma a ba ɗan haya kwafin sakamakon a hannunsa ba sai ya roƙa ba.

Sai maganar takardar da muke sa wa hannu lokacin kama haya. Dokar 1992 ta ce mai gida ya faɗi abin da ya sani game da fentin dalma, ya ba ka ɗan littafin faɗakarwa. Abin da ya sani fa. Bai gwada ba, bai sani ba, sai ya sa alama a akwatin ba ni da masaniya, ya fita. Mai sayen gida an ba shi kwana 10 ya kawo mai bincike, ɗan haya ba a ba shi ko ɗaya ba. Sabuwar ƙa'idar ma ba ta tilasta wa kowane mai gida ya gwada ba. Na san ba komai ne ke hannunka ba, wani sai majalisa, wani sai jihohi da birane, amma bakin shugaban EPA ba irin nawa ba ne, in ka faɗa a gaban majalisa cewa rashin sani ya zama mafakar masu gidaje za a ji.

Littafin nan kuma, akwai shi da Sifaniyanci da Larabci da Faransanci har da Somaliyanci, ina roƙon a ƙara harsuna har da Hausa, kuma a yi shi da murya ma, don uwar da ta dawo daga aikin dare ba za ta zauna karanta shafuka cikin tarin takardun haya ba. Ni an ba ni shi, ban ɓoye ba, yana cikin ambulan ɗin da ban sake buɗewa ba sai bayan abin ya faru. Da wani ya faɗa min da baki cewa kar ki share ƙurar taga a bushe, jiƙa tsumma, wanke hannun yarinya kafin ta ci abinci, kar ki bari a kankare fenti tana ɗakin, da na ji.

Kuma a ƙara masu zagayen duba aiki. Mutanen nan biyu da suka zo ɗakina ba mugaye ba ne, 'yan ci-rani ne irina masu aikin yini, ba wanda ya koya musu, ƙurar nan a huhunsu da rigunansu suka tafi da ita gida, wataƙila su ma akwai mai rarrafe da ke jiran ya rungume su a bakin ƙofa. Tarar ta hau kan wanda ya turo su don ya rage kuɗi. A kuma samar da hanyar da ɗan haya zai kai ƙara ba tare da fargabar takardar tashi ba, maƙwabciyata tana da jariri da irin tagata sak, na yi mata magana har sau uku ta ce min ita dai tana tsoron a ƙi sabunta mata haya.

'Yata yanzu lambar jininta ta sauka, alhamdulillahi, muna komawa gwaji lokaci lokaci kuma ana duba maganarta don ta ɗan yi jinkirin haɗa kalmomi. A benenmu kawai ɗakinmu ne aka canja wa taga, sauran duk suna nan yadda suke, kuma jiya da yamma na ga motar masu fentin nan a ƙofar gida sun zo yi wa hawa na uku.

Na gode, Allah ya taya ka riƙo.

Taka,
Wata uwa 'yar haya