Sharhin littafi ya wuce "ya yi daɗi"

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana kan yadda masu karatu ke bayyana ra'ayinsu game da littattafan da suka gama karantawa. Yawancin abin da ake faɗa bai wuce "ya yi daɗi" ko "bai burge ni ba". Wanda bai ga littafin ba babu abin da zai ƙaru da shi, shi ma marubucin bai san inda zai gyara ba. Ra'ayin mai karatu abu ne mai daraja ƙwarai, amma fa sai ya zo da dalili da lambar shafi.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne auna ƙagaggen labari da littafin ilimi da mudu ɗaya. Ƙagaggen labari ba a tambayarsa ko abin ya faru. Ana tambayarsa ne ko ya riƙe dokar da ya kafa wa kansa. Idan a babi na 3 an ce tauraruwar ba ta taɓa barin ƙauyensu ba, sai ga ta a babi na 9 tana ratsa lungunan babban birni kamar a can aka yanke mata cibiya, ba tare da an nuna yadda ta san su ba, to zaren ya tsinke. Wannan shi mai sharhi zai nuna, ya ambaci babin. Haka kuma idan rikicin da aka ɗauki shafi 200 ana ƙullawa ya warware a shafi biyu, don kawai an tsinci wata wasiƙa a ƙasan akwati, marubucin ya gaji ne, kuma ya kamata a gaya masa cikin ladabi.

Akwai gwaji mai sauƙi na hirar taurari, wato mutanen cikin labari. A buɗe shafin da mutum uku ke magana, a rufe sunayensu da yatsa, a karanta a bayyane. In ba a iya bambanta maganar tsohuwa da ta jikarta ba, marubucin ne ke magana da bakin kowa. Malaman adabi sukan duba jigo, da zubi da tsari, da salo, da taurari. Ba dole ne mai karatu ya bi su duka ba, ɗaya ma ya isa in an riƙe shi da kyau. Abin da ban yarda da shi ba shi ne tona ƙarshen labari. Taƙaitawa ta tsaya a kashi ɗaya cikin uku na farkon littafin, saura a bar wa mai saye.

Littafin ilimi kuwa, ko tarihi ne ko kimiyya ko tarihin rayuwar wani, daga bayan shafin take ake fara shi, inda shekarar bugu take. Littafin da aka buga kafin watan Agusta na 2006 zai ce duniyoyi 9 ke kewaya rana, domin a lokacin ne ƙungiyar masana taurari ta duniya ta cire duniyar Fuluto daga jerinsu, suka koma 8. Taswirar da ta riga 2011 ba za a ga Sudan ta Kudu a matsayin ƙasa a cikinta ba. Marubutan ba su yi ƙarya ba, zamani ne ya wuce su, kuma mai sharhin da bai duba shekara ba zai zalunce su. A kula kuma da bambancin sake bugawa da sabon bugu: na farko rubutun nan ne aka maimaita, na biyu an yi masa gyara ko ƙari, kuma yakan zo da sabuwar lambar ISBN, wato lambar shaidar da ke bambanta littafi da sauran littattafai. Lambar nan tana da alƙaluma 13 tun daga 2007, a da 10 ce.

Bayan haka sai a zaɓi maganganu uku da marubucin ya kafa hujja da su, a bi su zuwa madogararsa. Wa ya faɗa, a wace shekara, ganau ne ko jiyau? In adadi ya zo babu tushe, a rubuta shafin. Tarihin rayuwar da mutum ya rubuta da kansa kuma, a tuna ɓangare ɗaya ake saurare, waɗanda ya zarga ba su samu damar kare kansu ba.

Akwai littattafan da ke tsakani, su ne suka fi ruɗa mutane. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934, an gina shi kan cinikin bayi ta hamada, abin da ya faru da gaske, amma taurarinsa da abin da ya same su ƙirƙira ce. Yana sa mai karatu ya ji zafin zamanin a jikinsa, sai dai ba a kafa hujjar tarihi da shi. Littafin da aka fassara kuma, a ambaci mai fassarar, domin daɗin harshen ko taurinsa yawanci aikinsa ne.

Roƙona, Malam Edita, shi ne ka buɗe filin sharhin masu karatu ko da sau ɗaya a mako. Kowane sharhi kada ya wuce kalmomi 300, ya fara da sunan littafi, marubuci, mawallafi, shekarar bugu da yawan shafuka, sannan ya kawo aƙalla misali biyu daga cikin littafin da shafukansu. Wanda ya yi sharhin littafin ɗan'uwansa ko abokinsa, ya faɗi hakan a layin farko.

Na gode. Allah ya ƙara basira.

Naka,
Wani mai karanta wannan jarida